Ruwan da Na Ƙara wa Itacenki

Gaithersburg, ranar Laraba

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki tsaunukan Carolina lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Amin.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, ƙofarki na kallon tawa, amma ga Baba da wasiƙa kamar wanda ke zaune a Katsina. To, bakina ne ya ƙi. Sati uku ke nan kina durƙusawa ki gaishe ni, in amsa, ki tashi ki tafi, ba ki sake zama kusa da ni kin sha shayi ba. Jibi Juma'a za ki loda kayanki a mota. In na bari kika tafi a haka, ban san ranar da za ki sake zama ba, kuma wannan ne ya hana ni sukuni. A cikin mota nake rubutu, a bakin asibiti, ina jiran dattijuwar da na kawo wankin ƙoda, shi ya sa layin ke karkacewa. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san za ki bi ta da yatsa, kina motsa baki. Gara haka, don in da Turanci ne da kin karance ta cikin minti biyu kin ninke. Inda kika kakare ki tambayi mamanki, ta riga ta san abin da ke ciki, har da ƙari.

Zan fara da itacenki na farko. Kina shekara tara muka shiga wurin sayar da shuke-shuke don sayo wa mamanki tukunyar na'ana'a, kika hango shi a gefe, ɗan itacen fir a tukunya, irin wanda ake ƙawata ɗaki da shi a Kirsimeti, bai wuce gwiwata ba. An gama Kirsimeti, ba mai kallonsa. Kika murza ganyensa, kika shinshina yatsunki, shi ke nan kika kafe, kika ce ba inda za ki sai da shi. A wuyansa akwai wata 'yar takardar roba. Kika karanta mini ita a mota, da muryar nan taki ta malamar makaranta: itacen kan dutse ne, yana son sanyi, yana son ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, kada a cika masa ruwa.

Dariya na yi. Ni da na yi shekara shida a gandun renon itatuwa kafin in zo ƙasar nan, ni da na dasa darbejiya da hannuna a rairayin da ko akuya ba ta tsayawa, wai takardar roba ce za ta koya mini dashe? A wurinmu, Uwata, ruwa shi ne ƙauna. In ka dasa itace sai ka yi masa gurbi, ka kewaye gindinsa da ƙasa kamar kwano, don kada ko ɗigo ya gudu. Wanda ya bar dashe da ƙishi mugu ne. Da wannan ilimin na tashi, kuma a can gaskiya ne.

Da ƙasa ta saki bayan sanyi na haƙa masa rami a bayan gida, cikin jan yumɓun nan namu na Maryland mai kama shebur. Na yi masa gurbi mai kyau, har ina alfahari. Ke kuma kina bin takardarki: ki tura yatsa cikin ƙasa, in kin ji laima ki bar shi, in ta bushe ki ba shi kofi biyu. Ni kuwa kofin nan naki rowa nake ganinsa. Don haka kullum in na yi sallar asuba, kafin in fita aiki, sai in cika bokiti in juye masa, in lallaɓa in mayar da bokitin inda yake. Wai ni mai taimako, ina rufa miki asiri.

Kin tuna yadda ta ƙare. Da zafi ya shigo ganyen ya dushe, ya koma rawaya, daga nan ya yi ja kamar an babbaka shi. Ganin haka sai na ƙara bokiti na biyu da yamma in kina wurin karatun allo. Ranar da ya mutu kika zauna a kan matakala kina kuka, kina cewa ke kika kashe shi, ba ki ba shi ruwa isasshe ba. Ni kuma, babanki, na tsaya a kanki na ce, "Ai na faɗa miki ruwan ya yi kaɗan."

Washegari na tumɓuke shi don in jefar. Saiwar ta fito baƙa, tana wari, ɓawonta na saɓulewa a hannuna. Ni ma'aikacin gandu ne, na san saiwar da ƙishi ya kashe, busasshiya take, tana karyewa ƙas. Wannan ba ita ba ce. Tun a wurin jikina ya ba ni. Na cusa shi a leda, na ɗaure bakin, na wanke hannu, ban ce wa kowa komai ba.

Ga shawarata ta farko, kuma da tsada na saye ta. Ilimin da mutum ya zo da shi daga wani wuri, na wurin ne, sai ƙasar da ya tarar ta yarda da shi. Ke ma yanzu za ki hau dutsen nan da digirinki na jami'ar College Park a jaka. Za ki tarar da tsofaffin manoma waɗanda kakanninsu suka yi noma a gangaren nan, wasu ba su gama sakandare ba. Sun san kwarin da sanyi ke kwanciya ya ƙone sabon toho, sun san gefen da ruwa ke tsayawa bayan an yi sama. Ki yi shekara kina tambaya kafin ki fara gyara wa kowa. In tsoho ya ce miki kada a dasa a nan, ki tambaye shi me ya gani, kada ki yi masa irin dariyar da na yi wa takardarki.

Kuskure na biyu kin san shi, amma ba ki taɓa jin na kira shi kuskure ba. Kina aji uku a jami'a kika kawo irin fir gida, kika zuba shi cikin jiƙaƙƙen yashi a roba, kika saka a firij, can ƙasa kusa da tattasai. Wata safiya ina neman madara na ci karo da shi. Na buɗe, na ga iri, na ce innalillahi, yarinyar nan za ta kashe iri da sanyi. Mu da muke adana iri a busasshen wuri, cikin toka, nesa da laima! Na fitar da robar na ɗora a taga inda rana ke bugawa, kusa da hitar ɗumama ɗaki, har ina juya ta don kowane gefe ya samu ɗumi. Kina makaranta, sai ƙarshen mako kika dawo kika tarar yashin ya bushe ƙaf.

Sai daga baya na fahimci cewa irin itacen nan barci yake yi, kuma sanyi mai laima ne ke tashe shi. A kan dutse yana faɗuwa da kaka, ya kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sai ya tabbatar hunturu ya wuce kafin ya tsiro. In ya tsiro da wuri sanyi ya kashe shi. Firij ɗin nan hunturu kika yi masa na ƙarya, makonni kina ƙirgawa, ni kuma na katse shi a tsakiya. Aikin zangon karatunki ne, sai da kika sake daga farko. Kika tsaya riƙe da robar, idonki ya cika, kika ce ba komai, Baba. Ni fa? Maimakon in ba ki haƙuri sai na hau faɗa, wai wa ke ajiye yashi kusa da abinci.

Abu biyu zan ce a nan. Mutanen da za ki tarar a can, na ji an ce ba su da yawan fara'a ga baƙo, ga ki da ɗankwali, ga ki baƙa, a ƙaramin gari. Kada ki yi saurin cewa ƙi ne. Wasu haka suke, sai an daɗe suke sakewa. Wanda ya nuna miki ƙi a fili kuwa kada ki zauna kina haɗiyewa, ki kai magana inda ya kamata, ki kuma kira ni, awa bakwai ce ko takwas a mota, kuma tuƙi ne sana'ata. Na biyun ya fi muhimmanci. Ki daina cewa ba komai alhali akwai komai. A wurina kika koyi shiru, na sani, amma ba gadon kirki ba ne. Wanda ya ɓata miki aiki ki gaya masa cikin ladabi, a ranar. Da kin gaya mini a ranar nan, wataƙila da na ji kunya tun da wuri.

Na uku shi ne mai nauyi a kwanan nan. Kin tuna sunan da aka yi a Takoma Park bara, gidan Alhaji Garba abokina, inda maza suka cika falo? Aka zo kan 'ya'ya. Wannan ya ce ɗansa likita, wancan ya ce 'yarsa injiniya. Alhaji Garba ya juyo ya tambaye ni me babbar 'yata ke karanta. Na ce harkar magunguna ce. Kina bakin ƙofa da tiren shayi a hannu. Kika ajiye tiren a hankali kika fita. Na ga bayanki, na kuma ci gaba da hira kamar ban gani ba.

Kunya nake ji, Uwata, in gaya miki gaskiya. Ba kunyar noma ba, ni ɗan manomi ne. Kunyar a ce 'yar Malam Lawal ta ƙare a itacen Kirsimeti. Shi ya sa da kika zo da murna sati uku da suka wuce, kika ce kin samu aikin taimaka wa manoman fir a Carolina, na ce miki abin da na ce. Ba sai na maimaita ba, amma zan maimaita don kada ki ce na manta: na ce ban kawo ki ƙasar nan don ki yi wa masu biki noman abin ado ba, kuma ki je, amma ba da bakina ba. Wallahi tun kafin in rufe baki na so in kamo maganar.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. Ranar Lahadi kina nuna wa mamanki hotuna a waya a kicin, ni ina tebur ina yi kamar ina duba saƙo. Na leƙa ta kafaɗarta. Na ga kan dutse cike da matattun itatuwa a tsaye, farare, ba ganye, gajimare na ratsa su. Kina gaya mata wani ɗan ƙwaro ne da aka shigo da shi daga wata nahiya, ƙarami ƙwarai, yana lulluɓe kansa da farin abu kamar auduga, yana tsotsar itacen ta ɓawo har hanyar ruwansa ta toshe. Na taɓa ganin irin wannan tsayuwar, ina yaro, shekarun fari, lokacin da itatuwan bayan garinmu suka mutu a tsaye, babana yana zagaya su yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa na shiga aikin gandu ke nan tun farko. Ashe abin da ya kama ni ne ya kama ki, ni kuma na tsaya ina jin kunyar Alhaji Garba.

Na zauna na yi wa kaina hisabi a mota. Itacen nan yana kan dutsensa tun kafin wani ya rataya masa fitila, Wanda ya halicci darbejiya shi ya halicce shi. Ni kaina kowace Lahadi ina kai tsofaffi coci da motar nan, in riƙe musu hannu su sauka, ban taɓa jin imanina ya ragu ba. Manoman da za ki taimaka iyali suke ciyarwa. Ki riƙe sallarki, ki riƙe mutuncinki, ki yi aikinki da gaskiya. In an tambaye ki addininki ki faɗa ba tare da rawar murya ba, in an tambaye ki sana'arki ma haka. Kada ki taɓa rage tsawon aikinki don ya shiga bakin mutane, kamar yadda na yi miki a falon nan. Jiya bayan sallar magariba na tare Alhaji Garba a ƙofar masallaci na gyara maganata. Na ce 'yata likitar itatuwa ce, cutar saiwa take bi. Ya ce to madalla, ya tambaye ni ko za ki duba masa tumatirinsa. Kin ji abin da na yi shekara ina tsoro.

Kina tsammani ba na jin ki in kina ba mamanki labarin itacen nan. Ina ji. Ke 'yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanki, a yadda aka rene ni ba a zama a yaba wa ɗan fari a gabansa, ba a ma kiran sunansa. Sai in ɗauki waya in yi kamar ba na wurin. Amma ki gwada ni. Na san ganyensa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya suka, in an juya bayansa akwai layi biyu farare. Na san ɓawonsa na da ƙuraje masu ƙaro a ciki, in an matsa su fashe da ƙamshi. Na san 'ya'yansa a tsaye suke fitowa a rassan sama, kamar ƙananan goyon masara, ba sa faɗowa ɗungurungum, a kan itacen suke wargajewa iska ta ɗebi irin, a bar tsinke a tsaye. Na san a can ƙololuwa rabin shansa daga gajimare ne, ganyen ke tace laimar tana ɗiga. Na san dashen yakan yi shekaru a gandun reno bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, sannan ya yi wasu shekaru bakwai ko fiye a gona, kowace shekara ana yi masa aski da doguwar wuƙa don ya yi siffa. Kin ga ɗalibinki bai yi barci a aji ba.

Tunda aski ya shigo, ki ji wannan daga tsohon ma'aikaci: wuƙar nan da ake saran rassa da ita daga sama zuwa ƙasa, ƙafa take nema. Ki sa abin kare ƙafa ko da zafi ake, ko da sauran sun cire nasu suna yi miki dariya. Ki duba gidan rina kafin ki kai sara. Kuma gangare da jiƙaƙƙiyar ciyawa ba wurin sauri ba ne, ke kuma tun kina ƙarama ba ki iya tafiya ba sai gudu.

Da na ji kin ce babban aikinki aure za ki riƙa yi wa itatuwan, ki ɗora kan wannan fir a gindin wani irin fir da saiwarsa ke jure cutar ruɓewa, sai da na kusa yin magana. Wannan kam na iya. Na yi wa mangwaro aure har ban san adadi ba. Wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya ba biyu ba, ɓawo ya haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, a ɗaure tam, kada yatsa ya taɓa fuskar yankan. Amma kin ga, har na fara. Mangwaro ne na sani, fir naki ne. In abin da na faɗa ya saɓa da abin da aka koya miki, ki bi nasu.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar. Shekaranjiya na gaya wa mamanki zancen bokitin nan, ina tsammanin asiri zan tona. Ko ɗagowa ba ta yi daga yankan kuɓewa ba. Ta ce ita tana ganina ta taga tun a lokacin, ta yi shiru ne don ita ma ta ɗauka taimako nake. Sannan ta tuna mini wani cin tuwo, kina aji biyu a jami'a, da kika yi ta ba mu labarin cutar saiwa: yadda ƙwayar cutar ke iyo cikin ruwan da ya kwanta a yumɓu, yadda saiwa ke baƙi ɓawonta ya saɓule, yadda ganye ke ja har mai itacen ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Na tuna ranar sarai. Na tuna na sunkuyar da kai na kai loma.

Mamanki ta ce, "Malam, kai take gaya wa. Ta tambaye ni tun kafin ranar, na faɗa mata gaskiya. Jira take ka faɗa da bakinka."

Shekara huɗu ke nan, Uwata. Kin zauna kin shimfiɗa mini hanya har bakin ƙofa, ba ki kunyata ni ba, ni kuma na ci tuwo. Kafin nan kuma shekara goma kina ɗauke da laifin da ba naki ba, a kan maganar da na faɗa miki kina kuka a matakala. Mamanki ta ce ko ba bokitina zafin garin nan zai wahalar da shi, itacen dutse ne. Wataƙila. Ba zan fake a nan ba.

Ki duba cikin ambulan ɗin, akwai abu a ƙasa. Takardar robar nan ce. Na cire ta daga wuyansa ranar da na tumɓuke shi, tana cikin jakar da nake ajiye fasfo tun lokacin. Rubutun ya koɗe amma yana karantuwa. Kin karanta daidai, kin bi daidai. Ba ke kika kashe itacenki ba, ni ne, da bokiti, kullum da asuba. Ki yafe mini wannan, da na firij, da na falon Alhaji Garba, da maganar sati uku da suka wuce. Na janye ta. Ki tafi da bakina, da zuciyata gaba ɗaya, ina alfahari da ke, kuma na daɗe ina yi.

In kin zauna kin san wuri, ki kira ni in zo ki hau da ni can sama inda yake tsiro da kansa. Ina so in ga mai rai, babba, in murza ganyen in shinshina yadda kika yi. Na yi alkawari hannuna a aljihu zan riƙe, ko gorar ruwa ke za ki ɗauka.

Ga dattijuwar can an turo ta a keke, bari in tsaya. Gobe Alhamis na ɗauki hutun yamma. Zan dafa shayi da la'asar, kofi biyu zan ajiye a tebur. In kin karanta kin ga dama, ki zo ki zauna.

Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a duk abin da hannunki ya dasa, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, Hadizatu. Ga shi na rubuta sunan, shekara ashirin da huɗu ban faɗe shi ba, kuma hannuna bai karye ba.

Wassalam,
Babanki